Matasa, Birai da Kurmi: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk inda maganar birai da kurmi ta taso a tsakanin matasa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Wasu na fitowa daga masu son taimakawa da ba su san ta inda za su kama ba. Wasu kuma daga masu ganin cewa duk abin ɓata lokaci ne. Na tattara su a nan na amsa, ban kuma tsallake masu zafin ba, domin su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu.

Idan an ce dangin birai, waɗanne dabbobi ake nufi?

Babban gida ne mai jinsi sama da 500. Akwai birai masu wutsiya da kowa ya sani, irin su jan biri da bika. Akwai manya marasa wutsiya: gorila da cimfanzi da bonobo a Afirka, sai orangutan a tsibiran Borniyo da Sumatra. Akwai kuma lemur, wanda asalinsa tsibirin Madagaska ne kaɗai. Mafi yawansu a kurmi suke rayuwa, wato dajin nan mai duhu da yawan ruwan sama, inda rassan itatuwa ke haɗuwa a sama har rana ba ta taɓa ƙasa sosai.

A Hausa "goggon biri" yakan ɗauki gorila, yakan kuma ɗauki ƙaton bika, shi ya sa a nan zan riƙa cewa gorila don kada a ruɗe. Cimfanzi kuwa yana da suna mai daɗi a bakin mutanen yankin Gashaka: biri mai ganga. Dalili, yakan sami itace mai faffaɗar saiwa ya yi ta dukanta da hannu da ƙafa, ƙarar ta ratsa kurmi, 'yan'uwansa na nesa su san inda yake. Wanda ya raɗa wannan suna ya zauna da daji ya saurare shi.

Da gaske suna ƙarewa, ko ƙarin gishiri ne na masu neman tallafi?

Da gaske ne. Wani babban nazari da masana daga ƙasashe da dama suka fitar a 2017 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na jinsunan dangin birai na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kusan kashi 75 adadinsu raguwa yake yi. A Madagaska abin ya fi muni: ƙididdigar 2020 ta IUCN, hukumar duniya mai bin diddigin halittun da ke neman ƙarewa, ta sa jinsin lemur 103 cikin 107 a sahun masu fuskantar barazana.

In aka sauko jinsi-jinsi, lissafin ya fi tsaya wa mutum a rai. Gorilar Kuros Riba, wadda ba ta ko'ina a duniya sai tsaunukan kan iyakar Najeriya da Kamaru, kimanin 300 suka rage, ko ma ƙasa da haka. Orangutan na Tapanuli, wanda sai a 2017 aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, bai kai 800 ba. Cimfanzin Najeriya da Kamaru, wanda gandun dajin Gashaka-Gumti ke cikin manyan mafakarsa, bai kai 10,000 ba. Akwai wani jan biri na kurmin Ghana da Kodebuwa da masana ba su ƙara yi masa ganin tabbas ba tun 1978.

Abin da ke sa lamarin ya yi tsanani shi ne jinkirin haihuwa. Gorila takan haihu sau ɗaya a kusan shekara 4, cimfanzi shekara 5, orangutan kuwa sai ta shekara 7 zuwa 8 tana rainon ɗa guda. Garken da aka kashe wa uwaye uku a shekara ɗaya zai iya yin shekara ashirin bai farfaɗo ba.

To me ke kashe su?

Na farko, rushe musu gida. Ana sare kurmi don noma, ƙanana da manya: gonakin kwakwar manja a Indunusiya da Maleshiya, waɗanda su biyun ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, kiwon shanu da noman waken suya a Brazil, koko a Afirka ta Yamma, ga katako, ga gawayi, ga haƙar ma'adinai. Bayanan tauraron ɗan'adam sun nuna duniya ta rasa hekta miliyan 3.7 na tsohon kurmi a 2023, sannan hekta miliyan 6.7 a 2024, shekarar da gobarar daji ta yi ɓarna ƙwarai.

Ba sai an share daji duka ba kafin a cuci biri. Hanya guda in ta ratsa kurmi ta raba shi biyu, birin da bai saba sauka ƙasa ba ya zama ɗan kurkuku a ɓangarensa. Garke ya ware daga garke, auratayya ta koma ta 'yan gida ɗaya, zuriya ta yi rauni. Kuma hanyar da ta shigo da motar katako ita ce ke fitar da naman daji zuwa birni.

Na biyu ke nan, farauta. Farautar ci da iyali daban take da farautar kasuwa, kuma ta biyun ce ke share daji. Sai tarkon waya. Mafarauci yakan ɗana shi ne don gada ko alade, amma tarko bai san wanda aka ɗana wa ba. Ɗan gorila ya sa hannu, wayar ta shaƙe, yana ja tana ƙara nutsewa cikin nama, har hannun ya ruɓe. A dazuzzukan Yuganda akwai cimfanzi da yawa masu dungulmin hannu ko yatsu saboda wannan.

Na uku, cuta. Ebola ta kashe gorila kusan 5,000 a yankin Lossi na Jamhuriyar Kwango tsakanin 2002 da 2003. Na huɗu, yaƙi: a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, rikici da haƙar ma'adinai a cikin daji, ciki har da koltan da ake sawa a wayoyin hannu, sun ragargaza gorilar yankin cikin shekara ashirin.

Mutane na fama da yunwa da rashin tsaro. Ba rashin tausayi ba ne a tsaya ana maganar biri?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma duk matashin da ya shiga wannan aiki sai ya ci karo da ita. Kada ya ji haushin mai yinta. Amsar ita ce kurmin da biri ke ciki shi ne tulun ruwan mutane.

Itacen kurmi yana zuƙo ruwa daga ƙasa ya fitar da shi ta ganye. Tururin ya hau sama ya zama hadari, iska ta kai shi wani wuri ya zuba. A Amazon wannan danshi ne ke tafiya ɗaruruwan kilomita ya shayar da gonakin kudancin Brazil. Saiwar itace kuma tana riƙe ƙasa, ta sa ruwan damina ya nutse a hankali, rafi ya ci gaba da gudu har cikin rani. Ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Gashaka-Gumti, inda Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 yake, yana ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Masunci da mai noman rani a can ƙasa suna cin moriyar dajin da ba su taɓa gani ba. In an aske tsaunin, ambaliya ce da damina, busasshen kwari da rani.

Ina biri ya shigo? Shi ne manomin kurmi. Yana cin 'ya'yan itace a nan, ya je can nesa ya kasayar da ƙwallon tare da takinsa. Akwai manyan itatuwa masu ƙaton ƙwallo da babu tsuntsun da zai iya haɗiye shi, sai gorila ko cimfanzi ko giwa. In an kashe su, dajin zai ci gaba da tsayuwa kore shar, mai wucewa ya ɗauka lafiya lau, alhali babu sabon tsiro a ƙarƙashi. Tsofaffin itatuwan na faɗuwa, babu magaji.

Sai maganar lafiya. Jikinmu da na cimfanzi suna da kusanci ƙwarai, ƙwayoyin halittarmu sun yi daidai da fiye da kashi 98 cikin 100, don haka cuta na tsallakawa tsakaninmu cikin sauƙi. Masana sun bi sawun ƙwayar cutar ƙanjamau har zuwa cimfanzin kudu maso gabashin Kamaru. A 1996, a ƙauyen Mayibout na Gabon, Ebola ta ɓarke bayan an tsinci mushen cimfanzi a daji an feɗe shi. Wanda ya hana a taɓa mushen biri ran ɗan'adam ya tsare.

Bayan duk wannan, ni dai ina da wani dalilin da ba na jin kunyar faɗa. Halitta ce mai rai, mai sanin uwa da ɗa, mai baƙin ciki. An sha ganin uwar cimfanzi ta yi kwanaki tana ɗauke da gawar ɗanta ta kasa ajiyewa. Ba mu muka halicce su ba, ba mu da hurumin share su daga doron ƙasa.

Ni a birni nake, ban taɓa taka kurmi ba. Me ya shafe ni?

Birni ne kasuwar. Katako da gawayi da naman daji da ɗan birin da ake ajiyewa a gida, duk don mai kuɗin birni ake fito da su. Wayar da ke hannunka kuma ita ce babbar kasuwar zamani ta dabbobin sata. Saboda haka ɗan birni yana da aiki ko bai san hanyar daji ba.

Mene ne laifin ajiye ɗan biri a gida, ko yaɗa bidiyonsa in ya ba da sha'awa?

Na taɓa tsayawa a gefen hanya kusa da wani ɗan biri da aka ɗaure da igiya a kwankwaso. Igiyar ta cinye gashin wurin, fatar ta yi ja. Ya rungume wani tsumma da hannu biyu, ya cusa fuska a ciki, yana ta kaɗa jiki gaba da baya. Yara na miƙa masa abinci bai ko kalle su ba. Daga baya na fahimci abin da na gani: a wannan shekarun, a jikin uwarsa ya kamata ya manne dare da rana, tsumman nan shi ne madadin uwar.

Uwar biri ba ta ba da ɗanta. Kafin a ɗauke shi sai an harbe ta, wani lokaci har da waɗanda suka taso kare ta a garken. Da yawa daga jariran kuma a hanya suke mutuwa. Rahoton da wani shiri na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa ana rasa manyan birai kusan 3,000 a duk shekara ta dalilin wannan fatauci. A Disambar 2024 jami'ai a filin jirgin saman Santambul sun buɗe wani akwati da ya taso daga Najeriya zai wuce Tailan, suka tarar da jaririn gorila ɗan wata biyar a ciki. Ba a fara daga nan ba: a 2002 an yi safarar jariran gorila huɗu ta Najeriya zuwa Maleshiya, sai a 2007 aka dawo da su Kamaru.

Wanda ya saya ma bai tsira ba. Cimfanzi na iya rayuwa shekara 40 zuwa 50. Yana kai shekara bakwai ko takwas ya fi ƙarfin mai shi, sai keji ko sarƙa har mutuwa.

Bidiyo kuwa talla ce. Duk wanda ya danna alamar so, ko ya tura wa abokai, ya gaya wa mai fataucin cewa akwai kasuwa. Kuma abin da ake ɗauka nishaɗi sau da yawa azaba ce. Cimfanzin da ya yage baki haƙora duk a waje ba murmushi yake ba, tsoro ne. Loris, wani ɗan ƙaramin dangin birai na Asiya da ake yi wa cakulkuli yana ɗaga hannu sama, ƙoƙarin kare kansa yake yi, domin a gwiwar hannunsa dafinsa yake, kuma masu sayarwa kan cire masa haƙora don kada ya ciji mai saye. In kun ga irin wannan bidiyo, kada ku tura, kada ku yi sharhi ko na zagi ne, domin sharhi ƙara masa tafiya yake yi. Ku kai ƙararsa ga masu dandalin.

Na ga ana sayar da jaririn biri. In saya in cece shi?

A'a, ko da zuciya na ƙuna. Kuɗinka ne zai sayi harsashin da za a harbi uwa ta gaba. A lura da wurin da lokacin, a sanar da hukumar kula da gandun daji ko wata cibiyar ceto. Cinikin manyan birai tsakanin ƙasashe haramun ne a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya ta 1973 kan cinikin namun daji, kuma ƙasashe da yawa na da dokarsu ta cikin gida; Najeriya ta kafa tata a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Cibiyoyi irin su Drill Ranch a Kalaba da cibiyar Limbe a Kamaru karɓar dabba suke yi, ba sa saye, kuma da gangan ne.

Wayar da kai tana canza wani abu kuwa, ko surutu ne kawai?

Ya danganta da irinta. Wadda ta tsaya a riga mai tambari da hoton taro, surutu ce. Wadda ta nufi wani aiki takamaimai, ta san wa take so ya canza me, tana aiki, kuma akwai shaida.

A 1991 wasu matasa 12 suka zauna da Jane Goodall, shahararriyar mai binciken cimfanzi, a barandar gidanta a Darussalam ta Tanzaniya, suna kokawa da abubuwan da suke gani a garinsu. Daga zaman nan aka haifi ƙungiyar matasa ta Roots & Shoots, wadda yau take ƙasashe da dama. Tsarinta mai sauƙi ne: kowace ƙungiya ta zaɓi aiki don mutane, aiki don dabbobi, aiki don muhalli, ta yi da hannunta.

A 2015 aka ɗauko shirin babbar hanya mai tsawon kilomita 260 a jihar Kuros Riba, tare da ƙwace filin kilomita 10 a kowane gefenta, abin da zai cinye dajin al'ummar Ekuri da wasu da yawa. Mutanen ƙauyukan suka tashi, mata da matasa a gaba, aka tara sa hannun mutum sama da 250,000 daga ciki da wajen ƙasar. A 2017 gwamnatin jihar ta janye batun ƙwace filin.

Gorilar tsauni ta Ruwanda da Yuganda da Kwango, wadda a shekarun 1980 ake ganin ta kusa tafiya, ta haura 1,000 a ƙidayar 2018. Ɗan birin nan mai gashi kamar zinare na Brazil, tamarin, ya taso daga kusan 200 a shekarun 1970 zuwa dubbai.

Sai dai a san cewa nasara a wannan fage ba ta zama daram. Dajin Ebo na Kamaru, inda cimfanzi ke fasa ƙwallo da dutse, an dakatar da shirin sare shi a 2020 bayan an yi ca, amma a 2023 aka sake buɗe wani ɓangarensa ga masu katako. Wanda zai shiga ya shiga da dogon numfashi.

Yaya za mu yi magana da mafarauci, ko manomin da birai ke yi wa ɓarna?

A nan ne matasa masu ilimin boko suka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Ku fara da saurare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin da garken birai ya shiga gonarsa da asuba ya karya masa abin da ya yi wata huɗu yana wahala a kai, ba labarin ƙwayoyin halitta yake son ji ba. 'Ya'yansa ne ke fashin makaranta suna gadin gona. In kuka zo da takarda kuna gaya masa biri abin tausayi ne, zai yi muku shiru don kunya, kuna juya baya ya ɗana tarkonsa. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce: "Baba, mun zo ne mu ji yadda abin yake, ku kuka san dajin nan." Ku bi ta hannun dattawa da shugabannin gari. Tsohon mafarauci ya san inda garke ke kwana, da itacen da suke ci a kowane wata, ilimin da ba ya cikin littafi.

Sannan ku zo da abin da zai rage masa asara. A gefen dajin Bwindi na Yuganda ana shuka ganyen shayi a tsakanin daji da gonaki, domin gorila ba ta cinsa, ga shi kuma yana kawo kuɗi. Akwai kuma 'yan sa kai na ƙauyukan da aka horar su kora gorila ta koma daji ba tare da an ji mata ciwo ba. Ruwanda na mayar da kashi 10 cikin 100 na kuɗin yawon buɗe ido na gandun dajinta ga al'ummomin da ke kewaye. A tsaunukan Mbe na Kuros Riba, ƙauyuka tara ne suka haɗu suke kula da dajinsu da kansu, 'ya'yansu ne masu sintiri. A can ne kyamarar da aka ɗaure a jikin itace ta ɗauko hoton garken gorila da jarirai a bayan uwayensu, hotunan da aka fitar a 2020 duniya ta yi ta murna.

Kuma kada a ɓoye cewa an yi zalunci da sunan kare daji. A 1991, da aka mayar da Bwindi gandun daji na ƙasa, an fitar da al'ummar Batwa daga kurmin da kakanninsu suka rayu a ciki, yawancinsu ba tare da an ba su wata ƙasa ba, har yau suna cikin ƙunci. Matashin da ke son biri amma bai damu da Batwa ba, bai fahimci aikin ba tukuna.

Ba sai mu yi ta dashen itatuwa ba a huta?

Dashe abu ne mai kyau, amma gonar itace ba kurmi ba ce. Layin itacen turare ko kwakwar manja ba ya ciyar da biri. Tsohon kurmi ɗaruruwan shekaru ya ɗauka yana haɗuwa, kuma hekta ɗaya da aka hana sarewa ta fi hekta goma na sabon dashe amfani ga dabbobin. Inda dashe ya fi tasiri shi ne haɗa guntayen daji da suka rabu, da itatuwan asalin wurin. Haka aka yi wa tamarin a Brazil, har da gada mai itatuwa a kanta da aka gina bisa babbar hanya don su tsallaka. Kuma a ƙirga itacen da ya rayu bayan shekara uku, ba wanda aka dasa ranar biki ba.

Mu biyar ne, ba mu da kuɗi. Daga ina za mu fara?

Ku zaɓi dabba ɗaya da daji ɗaya, ku san su ciki da bai. Wanda ya ce zai ceci duk kurmin duniya ba ya ceton ko ɗaya. Ku tantance wa kuke son ya ji ku: 'yan firamare ne, ko masu sayen naman daji, ko masu tura bidiyo, ko ɗan majalisar yankin? Kowanne da harshensa.

Ku yi magana da yaren mutane. Yawancin abin da aka rubuta a kan birai da Turanci ko Faransanci yake, alhali masu zama da dajin ba da su suke tunani ba. Fassara bayani mai kyau zuwa harshen gida, ko shirin minti goma a rediyo, ko gajeren wasan kwaikwayo a makaranta, ya fi dogon jawabi a otal. Ga yara kuwa, gani ya kori ji. Ku nuna musu yadda cimfanzi ke tsinko kara, ya zage ganyen, ya zura a ramin gara, ya jira, ya zaro a hankali ya suɗe. Ku nuna musu yadda yake tanƙwara rassa ya yi sabon gado a saman itace kowane dare. Yaron da ya ga wannan da wuya ya ƙara jifan biri.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada ku ƙara gishiri. In ba ku tabbatar da lissafi ba, ku bar shi. Ƙarya ɗaya in aka kama ku da ita, ta rushe gaskiya goma. Kada kuma ku yi hoto rungume da biri don tallar aikinku, domin mai kallo hoton yake gani, ba ya karanta bayanin da ke ƙasa.

Akwai kayan aiki na kyauta a intanet?

Akwai. Global Forest Watch na nuna inda ake sare daji ta hoton tauraron ɗan'adam, har mutum ya zaɓi yanki a riƙa aiko masa da sanarwa. A iNaturalist ana ɗora hoton dabba ko tsiro masana su taimaka a gane shi. A Zooniverse akwai shirin Chimp&See, inda kowa zai iya kallon gajerun bidiyon kyamarorin daji ya taimaka wa masu bincike tantance abin da ya wuce. Sai dai kada a taɓa wallafa ainihin wurin da aka ga dabbar da ba ta da yawa. Masu farauta ma suna da waya.

Waɗanne ranaku ne za a iya shirya taro a kansu?

22 ga Yuni ranar kurmi ce, 14 ga Yuli ta cimfanzi, 19 ga Agusta ta orangutan, 1 ga Satumba ta dangin birai baki ɗaya, 24 ga Satumba ta gorila.

Aikin yana da haɗari?

Yana da shi, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Masu gadin gandun dajin Virunga na Kwango sama da 200 ne aka kashe a bakin aiki. An kashe Dian Fossey, mai binciken gorila, a sansaninta na Ruwanda a 1985, an kashe Chico Mendes, mai fafutukar kare dajin Amazon, a Brazil a 1988. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 196 da aka kashe a 2023 kaɗai. Akwai kuɗi masu yawa a katako da ma'adinai, kuma wasu dazuzzukan sun zama maɓoyar masu ɗauke da makamai.

Saboda haka aikin matashi ba tare motar katako ba ne, ba kuma bin sawun mafarauta ba. Kada ku shiga daji ba izini ba jagora. Kada ku ambaci sunan mutum a dandalin sada zumunta kuna zarginsa. Abin da kuka gani ku miƙa ga hukuma ko ƙungiyar da ke da lauyoyi da gogewa, kuma iyayenku su san inda kuke.

In na sami damar zuwa kallonsu a daji fa?

Ka je, amma da ƙa'ida. A wuraren kallon gorilar tsauni awa ɗaya ake bayarwa, mutum takwas ga garke ɗaya a rana, ba a kuma shiga da wanda bai kai shekara 15 ba. A bar tazarar da masu gandun dajin suka ƙayyade, a sa takunkumi, mai mura ya haƙura. Murar da za ta yi maka kwana uku tana iya kashe jaririn gorila. Kada a ba su abinci: birin da ya saba karɓa daga hannu zai fara shiga gidaje, ƙarshensa a kashe shi.

Mutum zai iya mayar da wannan sana'arsa? Sai wanda ya karanta kimiyya?

Zai iya, kuma ƙofofin suna da yawa. Ana buƙatar likitan dabbobi da masanin tsirrai, haka ana buƙatar lauya, ɗan jarida, malamin makaranta, mai zanen taswira, mai ɗaukar hoto, da mai iya sasanta rikici tsakanin ƙauye da hukuma. Jane Goodall ba ta da digiri lokacin da ta sauka a Gombe, ta bakin tafkin Tanganyika a Tanzaniya ba ta Najeriya ba, a 1960 tana da shekara 26. Haƙurin zama da kallo ne jarinta, har ta ga cimfanzi na kamun gara da kara, abin da ya sauya tunanin masana game da dabbobi. Ta rasu a Oktoban 2025 tana da shekara 91, tana cikin rangadin jawabai.

An daɗe ana ganin kamar aikin na Turawa ne, amma yanzu 'yan ƙasa ne ke riƙe da shi a wurare da yawa. Dakta Gladys Kalema-Zikusoka ta zama likitar namun daji ta farko a hukumar gandun dajin Yuganda tana matashiya. Da ƙazuwa ta kama gorilar Bwindi a 1996, bincike ya nuna daga mutanen da ke kewaye ta fito, mutanen da asibiti ya yi musu nisa. Sai ta gane cewa ba za a yi wa gorila magani a bar maƙwabtanta ba, ta kafa ƙungiyar da ke haɗa lafiyar ƙauye da ta daji a 2003. A Najeriya akwai Inaoyom Imong, ɗan Kuros Riba, da ya duƙufa ga aikin kare gorilar yankinsu. Akwai Rachel Ikemeh, wadda ta yi shekaru tana shiga fadamun Neja Delta a kwalekwale tana neman wani jan biri da sai a 1993 masana suka san da shi. Ta yi ta zama da sarakuna da matasan Apoi a jihar Bayelsa har suka amince suka keɓe kimanin hekta 1,000 na dajinsu, kuma 'ya'yan garin ne ke sintiri a cikinsa.